Haruna Uku a Kwamfutar Ɗantani

A shekarar da sojoji suka tattara komatsansu suka koma bariki, kusan kowa a cikin birnin Kano ya tashi da sabon suna. Mai gyaran rediyo ya zama Ciyaman, mai sayar da katifa ya zama Honarabul, shi kuwa Ɗantani na Ƙofar Wambai ya wayi gari ya ce daga yau Injiniya za a riƙa kiransa. Hujjarsa kuwa ba ƙarama ba ce. Ya taɓa zama a Ikko yana goge tebura a wani kamfani, da kamfanin ya durƙushe aka sallame shi da tsohuwar kwamfuta, da injin buga takarda, da wani faifai da ya rantse da shi Turawa suke juya masana'antunsu suna kwance a gida.

Ya share zauren gidansu, ya naɗe tabarmar da dattawa ke hira a kai, ya kafa tebur, ya aro janareta. Maƙwabta suka cika ƙofa har ana ɗage. 'Yardada, tsohuwar da ke toya waina a bakin layi, ta jawo kujerarta ta zauna gaba-gaba.

“Ɗantani, yaushe za a fara wasan kwaikwayon?”

“Iya, ba talabijin ba ce. Kuma Injiniya ake cewa.”

“To, me take yi?”

“Tunani take yi.”

“Ayya. Allah ya sa ta taya ka, ɗan nan. An daɗe ana nema maka.”

Ɗantani yana da yaya mace, Hajiya Turai. Ba ta da shago, ba ta da ma'aikaci ko ɗaya, amma rabin angwayen cikin gari kayanta suke sawa. Ta sayo farar shadda a kasuwar Kwari, tela ya ɗinka, ta aika wa Haruna Marini a Ƙofar Mata ya rina. Ta sayo jar fata a wurin majema, ta aika wa Haruna Baduku a Ƙofar Wambai ya fitar da takalma. Daga kan tabarmarta take juya komai, kuma ba a taɓa jin ta saɓa wa wani alkawari ba.

Sunan nan nata ne ya sa sabon kansilan unguwar, wato Honarabul Haruna mai katifa, ya ba ta aikin rigunan shuɗi da jajayen takalma na magoya bayan da za su raka shi sakatariya ranar rantsuwa. Tela ya gama ɗinki, fata ta iso gida, sai ga saƙo daga Maiduguri cewa 'yarta Husaina ta haihu. Dole ta tafi. Ta dubi gidan kaf, ba ta ga namijin da ba shi da aikin yi ba sai Ɗantani.

“Aiki biyu ne kacal,” in ji ta. “Fararen rigunan nan a kai wa Marini. Fatun nan a kai wa Baduku. Ko jaki aka ɗora wa ya san hanya.”

“Yaya, ai zamanin jaki ya bi soja. Yanzu duniya ta koma kan na'ura. Abin da kike yi a shekara, ni da yatsa ɗaya...”

“Ɗantani, kar ka kuskura ka haɗa min kaya da akwatin nan naka.”

“Ni? Haba Yaya!”

Motarta ba ta kai Wudil ba ya tayar da janareta.

Manhajar da ke kan faifan nan, gaskiya, ba ta da laifi. An yi ta ne don mai sana'a irin Hajiya Turai: ka gaya mata wanda yake kawo maka kaya, da wanda kake ba aiki a waje, da wanda zai karɓa in an gama, ita kuma ta buga takardar da za ta raka kowane kaya inda za shi. Ɗantani ya lanƙwashe yatsa ya rubuta Haruna, Ƙofar Mata. Ta karɓa. Ya sake rubuta Haruna, Ƙofar Wambai. Sai wani ɗan akwati ya faɗo a fuskar kwamfutar da dogon Turanci, tana tambaya ko wannan Harunan shi ne na ɗazu, a haɗe su. Ɗantani ya karanta kalmar farko da ta ƙarshe, ya gyaɗa kai kamar ya gane. A Ikko ya lura duk lokacin da irin akwatin nan ya fito, manaja “yes” yake dannawa. Ya danna. Ya rubuta sunan Honarabul Haruna da layin gidansa, akwatin ya sake faɗowa, ya sake dannawa har da ɗan fito.

Nan take Haruna uku suka zama mutum ɗaya mai gida uku, wanda yake rini da safe, dukanci da rana, ya yi kansila da la'asar.

Daga nan ya ɗure rigunan a buhuna ya ɗinke, ya ɗure fatun ya ɗinke, ya zana wa kowane buhu lamba da shuni. Ya ce a kamfanin zamani ba a kiran kaya da sunansu, ƙauyanci ne. Sannan ya aika aka kira masa Marini da Baduku taron gaggawa.

Mutanen nan biyu kuwa tun zaɓe ba sa ga-maciji, don kowa da jam'iyyar da ya dangwala wa. Suka zauna a benci ɗaya, kowa ya ba ɗan'uwansa ƙeya.

“Daga yau,” in ji Ɗantani, yana kai-komo da hannu a baya, “babu zancen Hajiya ta ce, Hajiya ba ta ce ba. Buhu zai zo muku da takarda mai hatimina. Abin da ya zo hannunka, yi masa aikinka. Marini ya rina, Baduku ya yanka. Wanda ya dawo min da tambaya, na'ura za ta share sunansa, kuma in ta share mutum, ko Abuja ya je ba za a same shi ba.”

“Har a katin zaɓe?” in ji Baduku.

“Har a takardar haihuwa.”

Injin ya yi ƙugi ya turo takardu. Da yake a wurin kwamfuta Haruna ɗaya ne, sai ta ɗora wa kowace takarda gidan da ya fara zuwa mata. Ɗantani bai tsaya karantawa ba, don hankalinsa na kan hatimin da aka sassaƙa masa a kasuwa. Ya dinga buga shi da ƙarfi yana waigen 'yan kallo. Masu amalanke suka ɗauki buhunan fata suka nufi Ƙofar Mata, suka ɗauki buhunan riguna suka sauke a rumfar Baduku.

Washegari da hantsi sai ga Marini, hannuwansa shuɗi har gwiwa, ya yi sallama a cikin ƙarar janareta.

“Ɗantani!”

Shiru.

“Injiniya!”

“Na'am, Malam Haruna. Da sauri, ina kan layi.”

“Abin nan da ka aiko min, tunda nake ban taɓa tsoma irinsa a karofin rini ba.”

“Da can ka taɓa ganin dimokuraɗiyya? Komai sabo ne bana.”

“Wari yake fa.”

“Ƙamshin kaya mai tsada ne, hancinka bai saba ba.”

“Kuma ba ya shan baba. In na tsoma sai ya taso yana kallona.”

“Danna shi da ƙafa! Ka ga hatimi ko ba ka gani ba?”

“Na gani. Amma dai ka bari in gaya maka ko mene ne a cikin...”

Ɗantani ya ɗaga yatsa ya riƙe shi a saman wani maɓalli. “Malam Haruna, wannan shi ne na sharewa.”

Marini ya dubi yatsan, ya dubi mutanen da ke ƙofa. “Ku shaida,” ya ce, ya juya ya tafi.

Bai daɗe da fita ba Baduku ya shigo ta ɗaya ɓangaren, da almakashi a hannu, gumi na zuba.

“Injiniya, ka tabbata a yanka?”

“Ana takalmi ba yanka?”

“Ai kayan ne, wallahi tausayinsu nake ji. Abu mai kyau haka, ga laushi, ga sheƙi...”

“To da kashin awaki kake so a ba ka? Honarabul ne zai sa a gaba. Saboda kyansa aka ba ka.”

“Ba zai yi ƙwari ba fa.”

“Ninka shi biyu. Ni zan koya maka dukanci kuma?”

Baduku ya juya ya fita. Ya koma rumfa, ya yi bisimilla, ya rufe ido ɗaya, ya zura almakashi a wuyan rigar farko.

Da a ce Haruna biyun nan suna gaisawa, da magana ta ƙare a bakin masallaci. Amma ko a sahu suka haɗu, ɗaya sai ya matsa.

Ana saura kwana kaɗan rantsuwa, kwamfutar ta yi wani ƙara, fuskarta ta yi ja. Ta duba ta ga babu fata ko ɗaya da ta rage a gida, kuma an gina ta ne ta yi gargaɗi in kayan aiki sun ƙare. Ɗantani ya daka tsalle ya leƙa cikin gida yana kiran matarsa Asibi.

“Zo ki ga ikon Allah! Ta gano fata ta ƙare!”

“Malam, ai ni ma na gano. Ba kai ka kwashe ka bayar ba?”

“Ke da ido kika gani, ita da ilimi. Ta ce a kawo ro matiriyal. Kin san ma'anarsa? Ɗanyen kaya!”

“A yi me da shi? Aikin Yaya ai ya riga ya tafi.”

“Na'ura gaba take hange, Asibi. Ku mata sai abin da ke cikin tukunya.”

“Cikin tukunyar ma yau babu komai, ko ta hango wannan?”

Bai tsaya ya ba ta amsa ba. Ya fizgi takardar ya buga mata hatimi, ya nufi wurin Malam Ilu dillalin fata. Malam Ilu ya ce jemammiya ta ƙare a kasuwa, 'yan siyasa sun kwashe.

“Wa ya ce maka jemammiya? Ɗanya aka ce.”

“Ɗanyar ma sai an yi yanka.”

“To yanzu ina fatun suke?”

Malam Ilu ya yi dariya. “Suna jikin awakinsu, suna kiwo.”

Idon Ɗantani ya kawo haske. Ya dafa kafaɗar dillalin. “Malam Ilu, akwai ɗanyen da ya fi wannan? A kawo su haka. Mun yanke mahauci, mun yanke majemi, mun kamo abu daga tushe. Abin da Turawa suka fi mu da shi ke nan.”

“Da sunan wa?”

“Da sunan Hajiya Turai.”

Jin wannan suna, Malam Ilu bai ƙara tambaya ba. Ya karɓi takarda ya ce mota za ta kai su inda aka rubuta. Inda aka rubuta kuwa, a wannan karon, gidan Haruna na uku ne.

Ranar rantsuwa da sassafe buhuna suka dawo a ɗinke, wasu daga Ƙofar Mata, wasu daga rumfar Baduku. Asibi ta kawo wuƙa ta ce a buɗe ko ɗaya ne a gani. Ɗantani ya nuna mata fuskar kwamfuta, wadda ta koma kore shar.

“Ta ce an kammala. Sai in tsaya ina leƙen buhu kamar mai sayen gero?”

Ya saka kwat ɗin da ya zo da ita daga Ikko, a cikin zafin nan na ƙarshen bazara, ya shiga gaban amalanke har ƙofar gidan Honarabul.

Layin ya cika maƙil. Masu kalangu na kiɗa, maroƙi na wasa Honarabul, mata na leƙe ta kan katanga. Magoya bayan da za a yi wa ankon suna tsaye daga su sai singileti da wando, don an ce musu kowa ya bar rigarsa a gida, sabuwa na zuwa. Marini ya zo kallo ya tsaya a gabas, Baduku ya tsaya a yamma. Honarabul ya fito cikin farar babbar riga mai sitaci, yana ɗaga hannu biyu.

Ɗantani ya karɓe lasifikar maroƙi ya haye kan amalanke.

“Jama'a! Abin da za ku gani yau, ko a Ingila sai a manyan birane! Hannun mutum bai tsara aikin nan ba. Na'ura ce ta raba, na'ura ta tura, na'ura ta karɓo. In Honarabul ya ga dama ya ɗauke ni mai ba shi shawara kan kimiyya, kwatar unguwar nan ma da kwamfuta za ta riƙa gudu!”

Aka yi tafi. Ya farke buhun riguna, ya zura hannu, ya zaro ya ɗaga sama.

Fatar akuya ce. Ta yi shuɗi-baƙi, ta sandare kamar kilishin bara, ga ƙafafu huɗu sun miƙe kowace ta nufi gabanta.

Kalangu ya tsaya.

“Injiniya,” in ji Honarabul a hankali, “ina wuyan rigar?”

Ɗantani ya juya fatar gaba da baya. Ya leƙa buhun, ya ga 'yan'uwanta jere. Gumi ya gangaro masa ta cikin kwat, amma bakinsa bai mutu ba.

“Ranka ya daɗe, ita wannan ba ta da wuya. Yafawa ake yi. Sabon yayi ne daga Italiya, ko gwamnoni ba su samu ba tukuna.”

“Italiya ta Ƙofar Mata!” wani ya ɗaga murya daga baya.

“Warki ne!” in ji 'Yardada. “Dambe za a yi a sakatariyar?”

Ɗantani ya yi maza ya farke buhun takalma don ya rufe bakin mutane. Takalma suka zubo farare tas, na shadda, laɓo-laɓo kamar kunnen zomo. Baduku gwani ne, bai bar ƙyalle ya lalace ba. Wani takalmin da aikin aska a goshinsa, wani da maɓalli, wani kuwa da aljihu sukutum a gefe.

Wani dogon mutum ya ɗaga nasa. “Honarabul, nawa da aljihu!”

“Na ajiyar goro ne,” in ji Ɗantani. “An yi wa talaka tanadi.”

Lokaci ya ƙure, an aiko daga sakatariya ana jira. Mutum ba ya raka kansila da singileti, don haka kowa ya ɗauki fata ya yafa yana zagi ƙasa-ƙasa, ya zura takalmin shadda. Rana ta buɗe. Da gumi ya haɗu da baban da bai kama fata ba, sai ya fara sauka. Wuya ya yi shuɗi, ƙirji ya yi shuɗi, wanda ya share fuska ya koma dodo. Dogon nan ya taka bakin kwata, takalminsa ya sha ruwa ya zame ya bar shi da ɗaya, ya yi taga-taga ya rungume Honarabul. Da aka ɓamɓare shi, ga hoton mutum guda, har da yatsu, a gaban farar babbar riga.

Honarabul ya buɗe baki zai yi magana, sai ga hon. Wata a-kori-kura ta kutso layin, bayanta cike da jajayen awaki suna ta koke-koke. Direban ya leƙo da takarda mai hatimi.

“Wane ne Haruna?”

“Na'am,” in ji Marini daga gabas.

“Na'am,” in ji Baduku daga yamma.

“Na'am,” in ji Honarabul daga tsakiya.

Su uku suka dubi juna. Marini ya dubi takalman shadda, Baduku ya dubi shuɗɗan fatu, karon farko tun zaɓe suka haɗa ido.

“Kai aka kai wa rigunana?” in ji Marini.

“Kai ka jiƙa min fatuna?”

Sai duk suka juya wajen Ɗantani. Shi kuwa a lokacin ne ɗan akwatin nan mai dogon Turanci ya faɗo masa a rai.

Direba dai sauri yake. Ya ga wanda ya fi kama da mai gida, ya ce, “Alhaji, ga awakinka,” ya saki ƙofar baya. Maroƙi, wanda tun ɗazu yake neman abin da zai faɗa, ya fizge lasifikarsa.

“Jama'a, romon dimokuraɗiyya ya sauka! Honarabul ya fara rabo tun kafin rantsuwa! Kowa ya kama tasa!”

“Ba tawa ba ce! Ku tsaya!” Honarabul yana ihu, amma kalangu ya riga ya ɗauka. Layin ya hargitse. Shuɗɗan mutane suna bin jajayen awaki, awaki na tsallake amalanke. 'Yardada ta cafke wata ta ƙafar baya tana cewa Allah ya maimaita mana zaɓe duk wata. Wani bunsuru ya shige gidan Honarabul, aka ji mata sun watse da tukwane. Wasu matasa suka ɗaga Honarabul sama suna “Sai mai akuya! Sai mai akuya!”, shi kuwa yana ta miƙa hannu ta kan kawunansu yana neman wuyan Ɗantani.

Cikin wannan hali tasi ta tsaya a bakin layi. Hajiya Turai ta fito da jakarta, ta yi sammakon dawowa don ta ga aikinta a jikin mutane. Ta gani kuwa. Ta sunkuya ta tsinci takalmi ɗaya daga cikin kwata, ta juya shi, ta gane ɗinkin telanta. Direban a-kori-kura ya matso da ladabi ya ce Malam Ilu yana gaishe ta, ya ce a gaya mata awakinta sun iso lafiya.

Ba ta yi ihu ba. Ta ɗaga kai kawai ta ce, “Ina Ɗantani?”

Ɗantani ya riga ya diro ta bayan amalanke. Ya yar da kwat, ya ratsa lungu, ya ɓulla titi, bai tsaya ba sai Ƙofar Mata. Da ya waiga ya hango ayari na tafe, Hajiya a gaba, Haruna biyu a bayanta kafaɗa da kafaɗa, sai ya faɗa filin marina. Ya ga wani ramin rini a rufe da murfin kaba, ya ɗauka busasshe ne. Ya ɗaga murfin ya dira.

Tsundum!

Da ayarin ya iso, kai kawai ake gani a bakin karofin, shuɗi har cikin kunne, idanu biyu farare suna ƙiftawa. Marina suka bar aikinsu suka kewaye shi. Daga rumfar da ke gefe ana jin mabuga suna dukan rinannun kaya da manyan sanduna, tim, tim, tim, don su yi sheƙi.

Hajiya Turai ta tsaya a kansa, ta riƙe ƙugu.

“Fito.”

“Yaya, sannu da hanya. Ya mai jego? In kin duba da kyau, laifin na masu raɗa suna ne. Gari guda a ce kowa Haruna...”

“Na ce ka fito.”

“In na fito me za a yi min?”

Ta juya wajen Marini. “Malam Haruna, abin da aka tsamo daga karofi, me ake yi masa?”

“A shanya shi, Hajiya,” in ji Marini. Ya nuna rumfar da haɓa. “In ya sha iska a miƙa wa mabuga.”

Tim, tim, tim.

Ɗantani ya saurari sandunan nan. Ya dubi yayarsa, ya dubi rumfar. Sannan a hankali ya ƙara nutsewa har ruwan baba ya taɓo masa leɓe.

“Yaya,” ya ce, “a ɗan ƙara min lokaci. Ban gama kamawa ba.”